Yadda Doña Casilda Ta Bar Hawa na Biyar

A unguwarmu ta Washington Heights, idan mutum ya ce maka shi ɗan Tenares ne, garinmu na ƙetaren teku, ko wani ƙauye na kusa da can, kuma ya shigo New York kafin shekarar dubu biyu, ba sai ka tambaye shi inda ya fara kwana ba. A falon Doña Casilda Ureña ne, hawa na biyar. In kuwa falon ya cika, to a dogon lungun da ya haɗa falon da kicin. Ni a lungun na kwana. Na zo ina da shekara ashirin da ɗaya, ba ni da komai sai sunanta da gwaggona ta sa na haddace, da wata rigar sanyi ta aro wadda ko iskar fanka ba ta tarewa. Ta buɗe ƙofa, ta ƙare mini kallo daga kai har ƙafa.

"Ke ce Yudelkar? Yanzu an daina dafa abinci ne a Tenares? Shigo, Siririya, kafin iska ta mayar da ke gida kyauta."

Yau na yi ƙibar da hawa benen nan ya zame mini aiki, amma har gobe Siririya ake kirana. Sunan da Doña Casilda ta raɗa ba ya goguwa.

Ita kanta ta zo ne a farkon shekarun saba'in, ta shiga kamfanin ɗinki a tsakiyar gari, tana haɗa wuyan riguna har idonta ya fara gaza zura zare. Mijinta Fermín direban tasi ne, mutum mai shiru-shiru, wanda zuciyarsa ta tsaya wata rana yana jiran fasinja. Ya bar ta da 'ya'ya biyu, Miguelina babba da Wilkin ƙarami, da gidan haya mai ɗaki uku da falo, wanda suka kama tun lokacin da ba mai son unguwar.

Kada in sa ku ɗauka waliyyiya ce. Bakinta ya fi almakashinta kaifi. Ba ta taɓa karɓar ko sisi daga wanda ya kwana a gidanta ba, amma sai ka tashi da asuba ka fita neman aiki, sai ka bi ta coci ran Lahadi ko kana so ko ba ka so, sai kuma ka saurari ra'ayinta a kan askinka, da wadda kake nema, da yadda kake wanke shinkafa. Ta samo wa mutane aiki a masana'antu da kantuna da gidajen tsofaffi. Ta haɗa aure, ta kuma raba wasu. Ran Lahadi bayan coci maza kan baje teburin wasan domino a falo, ta zauna cikinsu ta lallasa su ɗaya bayan ɗaya, tana buga ƙwayar a kan tebur har kofuna su yi tsalle, tana cewa, "Da wannan kan kuka ƙetaro teku? Allah mai iko." Ni ma ita ta tsaya mini wurin mai ginin har na samu gidan da ke kallon nata, ƙofa da ƙofa.

Abin da kowa ya gani bai faɗa ba shi ne yadda ta bambanta 'ya'yanta. Wilkin yana da ɗakinsa, ba baƙon da ya taɓa taka shi, kuma tsokar da ta fi kyau a tukunya tasa ce. Miguelina kuwa duk baƙuwar da ta zo gadonta ake ba ta, ita ta koma ƙasa, ita ce kuma mai wanke kwanukan gida duka. Tana gama sakandare ta auri na farko da ya yi mata magana, suka tafi Hazleton a Pennsylvania, inda ake samun aiki a masana'antun nama. Sai Kirsimeti ake ganinta, wata shekarar ma ba a gani.

Gininmu na cikin tsofaffin gine-ginen da doka ta sa wa hayarsu linzami. Mai gida ba ya ƙara haya sai gwargwadon abin da hukumar birni ta yanka a shekara, kuma in yarjejeniyarka ta ƙare dole ya sabunta maka, ko yana ƙaunarka ko ba ya yi. Da wannan muka rayu, masu shara da masu ɗinki da direbobi, a tsakiyar garin da ya fi ƙarfin aljihunmu. Amma a wancan lokacin dokar tana da ƙofar baya, kuma kowa ya san ta. Duk ranar da ɗan haya ya fita, mai gida yana da damar ɗora wa hayar kaso mai tsoka, ya ƙara da kuɗin gyaran da ya ce ya yi. In jimillar ta haura wani adadi, gidan ya fita daga dokar ke nan har abada, sai ya sa farashin da ya ga dama. Saboda haka duk tsohuwar da ta daɗe a gidanta, zamanta kawai hasara ce ga mai gida.

Tsohon mai gininmu, Mista Stavros, bai taɓa yi mana wannan lissafin ba. Marowaci ne na bugawa a jarida, famfo zai yi wata yana zuba kafin ya turo mai gyara, amma da ƙafarsa yake zuwa, ya san sunayen 'ya'yanmu, kuma ba ya barin ginin sai ya hau ya sha kofin Doña Casilda tana zaginsa.

"Stavros, injin hitar nan mai ɗumama mana gida, da shi za a binne ka? Ai sa'anka ne."

"In na sayi sabo, Casilda, a kan me za ki riƙa yi mini faɗa?"

Da ya mutu, 'ya'yansa suka sayar wa wani kamfani. Ba mu taɓa ganin masu shi ba. Sunansa ma lambar gininmu ce kawai aka ƙara wa wasu haruffa. Fuskar da suka aiko mana ita ce ta Radhamés Polanco.

Radhamés namu ne. Ya kwana a falon nan kusan shekara guda, don ya zo da ciwon ciki da ya hana shi aiki, Doña Casilda ta yi ta dafa masa romon kaza tana raka shi asibiti har aka yi masa tiyata. Daga baya ya bi masu fenti, ya koyi Turanci a makarantar yamma, ya shiga dillancin gidaje, ya koma New Jersey. Sai ga shi ya dawo da kwat da turare, wai shi ne manajan ginin. Ya hau har hawa na biyar, ya tsaya a ƙofa ya sunkuyar da kai kamar yadda muke yi wa manya.

"Sa mini albarka, Inna."

"Allah ya yi maka albarka, ya rufa maka asiri. Dubi tumbi. Zauna ka ci."

Ina kicin ɗin a ranar, ina taya ta ɓare agade. Sai da ya share kwanon shinkafa da wake da soyayyen nama sannan ya fito da wayarsa, ya rubuta wani adadi, ya juya mata fuskar wayar. Ya ce kamfani zai ba ta wannan in ta yarda ta miƙa makulli. Ya ce shekarunta sun wuce na hawa bene biyar ba lif. Ya ce don ita ce ma ya sa baki aka ƙara.

Ta sa tabarau ta duba, ta cire.

"Da yawa kam. Zai biya mini haya a wani wuri na shekara nawa?"

"Kamar uku, Inna, in kin yi tattali."

"To bayan ukun fa? In zo in kwana a falonka?"

Ya yi dariya, ya ce ai ta san halin matarsa.

"Na san halin kowa," in ji ta. "In ƙara maka nama?"

Da tayin kuɗi bai kwashe mutane yadda ake so ba, sai aka shiga abin da suka kira gyara. An yanke gas ɗin girki tun kafin sanyi ya shigo, wai bututu na yoyo, ba a mayar ba sai da dusar ƙanƙara ta narke. Duk gidan da aka fita sai ma'aikata su shiga da guduma tun safe, ƙura ta cika matakala, ta bi ta ƙarƙashin ƙofa ta kwanta a kan abinci. Hita ta riƙa mutuwa a ranakun da suka fi sanyi. In ka kira ofis, na'ura ce ke amsawa. In ka kira Radhamés, sai ya ce yana bin maganar, shi ma ɗan aike ne.

Mutane suka fara karɓa suna tafiya. Iyalin da ke hawa na uku suna da yarinya mai asma, ba wanda zai ga laifinsu, amma Doña Casilda ta gani. Ta tare matar a matakala ta ce mata ta sayar da maƙwabtanta a kan kuɗin da ba zai kai ta baɗi ba. Matar ta wuce tana kuka. Haka take, in ta ga gaskiyarta ba ta duba wanda za ta taka. Amma kuma ita ce ta sayi murhun lantarki biyu ta riƙa dafa farfesun rogo da agade a babbar tukunya, tana aika wa tsofaffin da ba sa iya sauka. Ita ce ta tara mu a zauren ƙasa, ta kawo wata lauya daga ƙungiyar 'yan haya, Mis Baptiste, wadda iyayenta 'yan Haiti ne, kullum da jaka cike da shari'u fiye da yadda mutum ɗaya zai iya ɗauka. Mis Baptiste ta ce mana muddin muna ciki muna biya, ba mai fitar da mu. Kada dai mu ba su kafa.

Gidajen da aka kwashe kuwa aka raba falonsu biyu, aka sa fitilu masu kyau, aka zuba matasa 'yan jami'a da ma'aikatan ofis, kowane gida yana biyan ninki uku na namu. Ba mugaye ba ne. Suna gaisuwa, karnukansu ma da tsafta. Ba su dai san abin da aka yi kafin su zo ba, ba su kuma tambaya ba.

Ana cikin haka sai ga waya daga Hazleton. Miguelina na da ciwon daji, ya riga ya yaɗu. Mijinta ya daɗe da barinta, 'ya'yanta biyu ɗaya na soja, ɗaya na aiki ba dare ba rana. Ita da bakinta ta kira uwarta, abin da ba ta saba ba.

Na tarar da Doña Casilda tana haɗa kaya. Na ce mata ta yi hankali, ta san sharaɗin: dole gidan ya zama shi ne ainihin mazaunin mutum, in ya fi rabin shekara a wani wuri sai a ce ya tashi.

"Siririya, 'yata na mutuwa kina yi mini lissafin kwanaki?"

"Ba ni ke lissafin ba, Doña. Su ne za su yi."

Ta zauna a bakin gado, riga a hannu. "Yarinyar nan a ƙasa ta girma don baƙi su kwana a gadonta. Ba ta taɓa roƙona komai ba sai yau. Su lissafa."

A matakala ta haɗu da Radhamés, da jakarta a hannu. Ta gaya masa komai kamar yadda uwa ke gaya wa ɗa: inda za ta, da irin ciwon, da cewa ba ta san ranar dawowa ba. Ta kuma ce akwai wata mata da mijinta, sababbin zuwa daga ƙauye, za su zauna su kula mata da gidan, ya riƙa sa musu ido don ba su san gari ba. Ya karɓi jakar ya sauko mata da ita har bakin titi, ya ce ta tafi hankali kwance, Allah ya ba Miguelina lafiya. Sati bai zagayo ba aka zo aka kafa wata 'yar kyamara a silin, tana kallon ƙofarta.

Da farko tana dawowa duk ƙarshen mako a motar haya, ta kwana ɗaya ta koma. Da jikin ya tsananta sai zuwan ya ragu, har ya tsaya. Na je na duba su sau ɗaya. Na tarar da Doña Casilda, wadda ban taɓa ganin ta durƙusa wa ɗan Adam ba, a durƙushe tana shafa wa 'yarta mai a ƙafafu. Miguelina ta rame har ba a gane ta, amma bakin uwarta ta gado.

"Yudelka, kin ga Mama ta koyi dafa abin da nake so? Na kusa hamsin, sai yanzu ta tambaya."

"Rufe mini baki ki ɗaga ƙafa," in ji uwar. Ba ta ɗago kai ba.

Miguelina ta rasu a tsakiyar zafin 2018. Doña Casilda ta dawo cikin baƙaƙen kaya, ba a jima ba sammacin kotu ya biyo ta. Kamfani ya ce ba zai sabunta mata haya ba, don ta ƙaura Pennsylvania ta kuma zuba wasu a gidan. Suna da hotunan kyamara na wata da watanni. Suna kuma da shaida, wanda ta gaya wa komai da bakinta.

Mis Baptiste ta ce shari'ar ba ta fi ƙarfinsu ba. Alƙalai sun san jinya, an sha ganin wanda ya tafi jinyar nasa ya ci irin wannan ƙara. Amma ana buƙatar takardun asibiti, da haƙuri, da mutanen da za su tsaya su ce sun san matar nan a gidan nan tun kafin a haifi lauyan kamfanin, kuma sun san ba ta taɓa karɓar haya daga baƙo ba.

"Mutane?" in ji Doña Casilda. Karo na farko ke nan da na ga haƙoranta tun rasuwar. "In dai mutane ne, sai kotun ta rasa wurin zama."

Ta zauna da waya kwana da kwanaki, ina jin muryarta ta ƙofa. Wanda ke da manyan kantuna biyu a New Jersey ya ce ranar aiki ce, amma zai aiko da wani abu. Wata ta ce takardunta na zama a ƙasar ba su gama daidaita ba, ba ta shiga ginin gwamnati, kuma wannan gaskiya ce. Wani ya ce Radhamés ne ya samar wa ɗansa gida, ba ya son shiga tsakani. Da yawa suka ce za su zo. An ɗage zaman ban san sau nawa ba. Ta yi ta hawa jirgin ƙasa zuwa kotu, ta zauna a benci tun safe, a ƙarshe a ce a dawo wata mai zuwa. Duk zaman da aka yi, mu biyu ne a bayanta, ni da Don Bienvenido na hawa na biyu, wanda ya haura tamanin kuma ba ya ji sai an yi masa ihu. An ce alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza. Wanda ya fara faɗar haka bai zauna a bencin kotun 'yan haya ba.

Ana gobe za a fara sauraron shaidu, Wilkin ya sauka daga Florida. Rabonsa da gidan shekaru ne, ko jana'izar yayarsa ma kwana ɗaya ya yi. Doña Casilda ta rikice don murna, ta gyara masa ɗakinsa, ta aike ni har Bronx in sayo naman akuya. Na gaya mata na gan shi da Radhamés a cikin mota a bakin layi, gilashi a rufe, sun daɗe suna magana.

"Tare suka yi zama a gidan nan. Laifi ne su gaisa? Ke dai ba kya son yaron nan tun da can."

A kotun nan yawancin shari'u a baranda ake gama su, alƙali sai dai ya sa hannu. Da safen nan lauyan kamfani ya ja Mis Baptiste gefe. Wilkin ya zauna kusa da uwarsa, Radhamés ya tsuguna a gabanta, ya rage murya.

"Inna, ban so ta kai haka ba. Amma in aka shiga ciki za a rantsar da ke, a tambaye ki sunan waɗanda suka zauna a gidan da ba kya nan. Za a kira su. Kin san mutanen nan ba su da takarda. Kin kuma san yadda gari yake yanzu."

"Wa ya gaya wa kamfani ba su da takarda?"

Radhamés ya kawar da kai gefe.

"Mama, ki duba," in ji Wilkin. "Sun ce har yanzu za su ba da wani abu in kin sa hannu yau. In kika faɗi, ko kwabo babu. Ga ɗaki a gidana, ga jikokinki, ga rana duk shekara. Me kike gadi a wannan tsohon kangon?"

Mis Baptiste ta dawo ta ce barazana ce kawai, kotun haya ba ruwanta da takardun zama, kuma za ta yi ƙoƙari ta hana tambayar. Doña Casilda ta ce ko za ta iya rantse mata ba abin da zai sami mutanen. Lauyar mai gaskiya ce. Ta ce ba za ta iya rantsuwa ba, amma a ganinta da wuya. Ta ƙara da cewa ana maganar canza dokar a majalisar jiha, in aka ja lokaci wataƙila abubuwa su sauya.

"Tun ina da haƙorana duka ake maganar nan," in ji Doña Casilda.

Ta ɗauko tabarau ta sa. Sannan ta ce a ba ta biro. Abin da aka rubuta mata bai kai rabin wanda ta ƙi a kicin ba. Da muka tashi tafiya, Radhamés ya sha gabanta, ya sunkuyar da kai.

"Sa mini albarka, Inna."

"Je ka nema wurin masu biyanka," ta ce, ba tare da ta ɗaga murya ba. Ta kama hannun Don Bienvenido suka nufi lif, shi kuma yana ta tambaya da ƙarfi, "Mun ci ne? Casilda, mun ci?"

Ta fita a watan Afrilu na 2019. Abin da bai shiga motar da Wilkin ya yi haya ba aka sauke bakin titi, har da teburin kicin, da kujerun falo masu rigar leda, da tulin katifu masu naɗewa waɗanda ban san tana ajiye da su ba. Keken ɗinkinta ni ta ba. Matar nan da mijinta da suka kula mata da gidan suka samu wani ɗaki a Bronx. Doña Casilda ba ta yi kuka ba, ba ta kuma bi gida-gida sallama ba. Ta ce dai in riƙa tuna wa Don Bienvenido shan maganinsa, don in an bar shi sai ya sha na safe da dare. Washegari aka fara buga guduma. Ban taɓa ganin kamfanin ya yi aiki da sauri irin wannan ba. Kafin Mayu ya ƙare an samu waɗanda suka tare.

A watan Yuni aka canza dokar. Aka toshe ƙofar bayan nan: ko ɗan haya ya fita, gidan yana nan cikin linzaminsa. Mutane suka fito layi suna buga tukwane. Mis Baptiste ta gaya mini daga baya cewa shari'u da dama irin ta Doña Casilda sun mutu da kansu, tunda ba sauran ribar da za a ci a fitar da tsohuwa. Gidanta kuwa ya riga ya fita, dokar ba ta waiwaye. Na yi ta juya waya a hannu kafin na iya kiranta.

"Na gani a talabijin," in ji ta. "Madalla. Ku kun tsira."

"Wata biyu kacal, Doña."

"Na iya lissafi, Siririya. Ya ƙafarki?"

Kuɗin da kamfani ya ba ta ya shiga wata motar dakon kaya da Wilkin ya ce zai fara sana'a da ita. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Ɗakin da aka yi mata alkawari wani yanki ne na gareji da aka kewaye da katako, da taga ɗaya. Surukarta ba ta zaginta, ba ta kuma barinta ta taɓa tukunya, wai ƙamshin girkinta na kama labule. Jikokin Turanci kawai suke ji. A unguwar ba a tafiya da ƙafa, ba kanti ba coci sai an sa ka a mota. Nakan kira ta ran Lahadi da yamma. Da farko tana tambayar kowa, tana ba da umarni daga can: wance ta rabu da wancan malalacin, wane ya je a duba masa ido. Daga baya hirar ta gajarce. Wata rana ta ce mini ta fito da kujera ta zauna a bakin gareji tun safe har rana ta take, abin da ya wuce ta gabanta motoci ne da wani ƙadangare.

"Ba wanda ya ce mini ko ci kanki. Ko wanda zan zaga ban samu ba."

Ta rasu a farkon 2022, hawan jini ne ya kayar da ita. Ta sha faɗa cewa kusa da Fermín take so a sa ta, a maƙabartar da ke ƙetaren kogi, kowa ya ji ta faɗa. Wilkin ya ce ɗauko gawa daga Florida tsada ne, ya sa aka ƙone ta. Sai bayan an gama ya kira ni.

Muka sa aka yi mata addu'a a cocinmu. Ya cika har waje. Mai kantunan New Jersey ya zo da matarsa, ya yi kuka har da majina, ya ba da labarin yadda ta saya masa takalmin sanyi na farko. Kowa da nasa labarin, kowa ita ce uwarsa. Radhamés bai shigo ba, amma furanninsa sun fi na kowa girma, sai da mutum biyu suka ɗauko su. Ban tsaya cin abinci ba. Na kama hannun Don Bienvenido muka tako gida a hankali, yana tsayawa yana hutawa a kowace kwana.

A ƙofar gini na tsaya ina laluben makulli a jaka, yatsuna sun ƙage don sanyi. Sai wata budurwa ta fito da karenta, cikin waɗanda ke zaune yanzu a hawa na biyar, a tsohon gidan Doña Casilda. Ta riƙe ƙofar da ƙafa, da fara'arta, amma ba ta kauce ba. Cikin ladabi ta ce an gargaɗe su kada su bar wanda ba ɗan gida ba ya shiga, wa muka zo gani?

Don Bienvenido ya juyo gare ni. "Me ta ce?"

"Ta ce ana sanyi," na ce masa. Na nuna mata makullina, ta ba da haƙuri, muka fara hawa.